Ƙofa Mai Ido, Amma Ba Ta Ganin Bayan Mota

Duk maigidan da ke shirin sa wa garejinsa ƙofa mai aiki da inji a Kafanchan ko Zonkwa, ya kamata ya fara yi wa mai haɗawa tambaya guda: ina idanunta?

Idanun nan wasu 'yan na'urori ne guda biyu da ake kafawa a gindin ƙofa, dama da hagu. Ɗaya tana aika wa 'yar'uwarta wani siririn haske wanda idon mutum ba ya gani. In wani abu ya gitta ya yanke hasken alhali ƙofa tana sauka, sai ta tsaya ta koma sama. A Amurka, bayan irin waɗannan ƙofofi sun danne yara sun halaka su, an kafa doka a 1990, wadda ta wajabta sa irin wannan kariya a kowane injin ƙofar garejin gida da aka ƙera daga 1 ga Janairu 1993.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Domin yara aka yi idanun, shi ya sa ba a ɗaga su fiye da inci 6 daga ƙasa, bayan mota kuwa ya fi haka tashi. In tayoyin baya sun wuce hasken amma but yana ƙarƙashin ƙofa, idanun ba su ga kome ba. Sai ƙofa ta sauko ta lotsa ƙarfe, ta fasa gilashi. Saboda haka direba ya shige sosai, ya yi alama a daɓe inda taya za ta riƙa tsayawa, kuma kada ya danna rimot sai yana kallon ƙofar.

Abu na biyu, ƙurar hunturu da lakar damina sukan rufe idanun, ƙofa ta ƙi rufuwa. Kada haushi ya sa a kira mai gyaran wuta ya kashe su. Tsumma mai laushi ya isa, sa'an nan a duba ko suna fuskantar juna.

Kowane wata a shimfiɗa katako mai kaurin inci 1 da rabi a ƙarƙashin ƙofa, a rufe ta. In ta taɓa shi ba ta koma sama ba, a daina amfani da injin sai an gyara. Mota dai tana da mai gyara. Yaron gida ba shi da madadi.