Rigar da Ta Tsuke da Labarin Jar Dara

Wata baiwar Allah ta rubuto mana cikin ɓacin rai. An kawo mata tsarabar zaren gashin tumaki, kaɗin hannu, daga Mopti ta ƙasar Mali. Ta shafe mako shida tana saƙa wa ɗanta rigar sanyi, amma wanki ɗaya da ruwan zafi rigar ta tsuke har ta ƙi shiga kan yaron. Tambayarta ita ce: an cuce ta ne?

Ba a cuce ki ba, ƴar'uwa. Hasali ma tsukewar ita ce shaidar cewa zarenki na gaskiya ne. Galibin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, ruwan zafi ba ya sa shi curewa. Kuma ba laifinmu ba ne da ba mu san halin na ainihin ba, domin tumakinmu, uda da balami, gashinsu gajere ne mai kaushi, ba ya kaɗuwa. Akwai tumakin ulu a Masina, da kuma irin kundum na bakin kogin Kwara a yankin Tillaberi.

Kowane silin ulu yana lulluɓe da ƙananan ɓawo kamar na jikin kifi. Idan zafi da sabulu da cuɗa suka haɗu, sai ɓawon ya sarƙe da na maƙwabcinsa, saƙar ta ƙanƙance ta yi kauri, ba ta kuma komawa yadda take.

Abin da ya same ki bisa kuskure, shi ne sana'ar wasu. Dubi jar darar da dattawanmu ke azawa a ka, wadda da yawanta daga Tunusiya ake kawowa. Mata ne ke fara saƙa ta da allurai biyar, fara fat, sako-sako, faɗinta ya fi ƙarfin kan kowa. Daga nan a kai ta garin Battan, bakin kogin Majarda, a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har idanun saƙar su ɓace, sannan a taje ta da ƙaya, a rina, a ɗora a kan ma'auni. Sana'ar ta bunƙasa ne a hannun Musulmin Andalus da aka kora daga Sifen a 1609. Wanda bai sani ba zai rantse hular nan ba ta taɓa ganin allura ba.

To, kafin ki sake ɗaura wata rigar, ki fara saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki auna, ki wanke, ya bushe, ki sake aunawa. Da wannan awon na biyu za ki ƙirga idanunki. Kaɗin hannu ba ya zuwa kai ɗaya, wani ƙullin ya fi wani kauri, don haka ki riƙa sassauya su bayan layi biyu-biyu. Wanki kuwa da ruwan sanyi, a jiƙa a danna a hankali, ban da cuɗa, ban da murɗa, a shanya a kwance cikin inuwa.

Ita kuwa wadda ta tsuke, kada ki yar. Tun da ta cure, almakashi ba zai warware ta ba. Ki yanka ki ɗinka wa yaron hula ta hunturun bana.