Kira ga Hukumomin Aljeriya kan Ruwan In Salah

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa Abdelmadjid Tebboune, da Ministan Makamashi, da shugabannin kamfanin Sonatrach.

Ranka ya daɗe, maƙwabtaka ce ta sa muke wannan magana. 'Yan'uwanmu Hausawa da ke kasuwanci da ƙwadago a Tamanrasat, ruwan In Salah suke sha, wanda tun 2011 ake turowa ta bututu mai tsawon kilomita 700 da ɗoriya. Abin da ya taɓa rijiyoyin can, mu ma ya shafe mu.

Ba mu raina arzikin da ake hange ba. A 2013 hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta sa Aljeriya a matsayi na uku a duniya, bayan Sin da Ajantina, wajen yawan iskar gas da ke maƙale cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Sai dai wannan gas ba ya fitowa da lalama. Sai an ɗura miliyoyin litocin ruwa da yashi da sinadarai cikin kowace rijiya, da ƙarfin da zai tsattsaga dutsen. A hamada kuwa, daga ina ruwan zai fito in ba daga tafkin ƙarƙashin Sahara ba, wanda kuke tarayya a kansa da Tunisiya da Libiya? Ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, kuma damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Shi ne ran gonakin dabino.

Shi ya sa da aka sanar da rijiyar gwajin gas a Ahnet, kusa da In Salah, a ƙarshen 2014, mutanen In Salah, maza da mata, suka fito a Janairun 2015 suka yi watanni suna zaman dirshan. Wasu sun ce jahilci ne, wasu sun ce zuga ce daga waje. Da girmamawa, ba haka muke gani ba. A yankin nan ne Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane a 1960, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai gudu. Abin mamaki, Faransar da kanta ta haramta wannan haƙar a ƙasarta tun 2011.

Tsoron nasu kuma yana da hujja. A 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tabbatar cewa aikin kan iya gurɓata ruwan sha a wasu yanayi. Wani bincike na 2017 kan haihuwa fiye da miliyan ɗaya a jihar Pensilbeniya ya gano cewa matan da ke zaune kurkusa da rijiyoyin gas ɗin sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi.

Yanzu da Sonatrach ta ƙulla fahimtar juna da kamfanonin ExxonMobil da Chevron a 2024, kuma Ahnet na cikin maganar, roƙonmu shi ne kada a sake yanke shawara a Aljas sannan mutanen kudu su ji a rediyo. A zauna da dattawa da manoma da likitocin yankin tun kafin a kafa na'ura. A sa masana da ba sa cin albashin kamfani su auna ruwan rijiyoyi yanzu, a buga sakamakon, domin in wani abu ya canza gobe a san mai laifi. A kuma bayyana sunan kowane sinadari da za a zuba. In jama'ar In Salah sun ji duk wannan suka ce a'a, Allah ya ja zamaninka, a karɓi a'ar tasu.