Fasfonka ba ya bin sawunka, amma wa ke riƙe da hoton yatsunka?



Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, maniyyata suka fara zaryar Katsina yin fasfo, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisun Kankiya da Kusada: wai an dasa wata na'ura a cikin fasfo wadda ke nuna wa Turawa duk inda mutum ya sa ƙafa, ko da yana cikin ɗakin matarsa. Har na ga wani saƙo yana yawo a WhatsApp yana ba da shawarar a ɗora fasfon kan turmi a buga da taɓarya don a kashe abin. Don Allah kada wanda ya gwada. Tun 1 ga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000. Ka fasa shi da hannunka, ka je filin jirgi na'ura ta ƙi karantawa, kai ne da asara da tsayuwar amsa tambayoyi.

Bari mu fara da abin da ke ciki. Gaskiya ne akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki a fasfonmu, wadda ake ce wa cif, kuma wannan 'yar alamar da ke ƙasan bango ita ke nuna haka. Najeriya ta fara irin wannan fasfo tun 2007, Malesiya kuwa ta riga kowa tun 1998. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sabon samfuri, mai shafin roba mai tauri, wanda har akwai na shekara 10. Abin da cif ɗin ke ɗauke da shi shi ne sunanka, ranar haihuwarka, lambar fasfo, hotonka da zanen yatsunka. Ba shi da batir, ba ya magana da tauraron ɗan'adam. Sai an kusanto da shi jikin na'urar karantawa, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, sannan yake samun wutar da zai motsa. Ko a nan ma ba ya buɗe baki sai an ba shi mabuɗi, mabuɗin kuwa ana haɗa shi ne daga layuka biyun nan na haruffa da lambobi da ke ƙasan shafin hotonka. Wato sai wanda ya ga wannan shafin. Wayar da ke aljihunka, wadda kake karanta wannan rubutu da ita, ta fi fasfo sanin inda ka kwana jiya nesa ba kusa ba.

Kuma a faɗi alherinsa. Da can ana ɓanɓare hoton wani a liƙa na wani, a tafi da sunan bawan Allah a aikata ɓarna a ƙasar waje. Cif ya sa wannan ya yi wuya ƙwarai.

To shi ke nan, mu kwanta mu yi barci? A'a. Masu jin tsoro suna da gaskiya, sai dai sun tsare ƙofar gaba alhali ɓarawo ta katanga yake haurowa.

Ranar da ka zauna gaban kyamara ka dangwala yatsunka a ofishin shige da fice, bayanan nan ba cikin ɗan littafin kaɗai suka shiga ba. Kwafinsu ya tafi rumbun gwamnati. Yau ba a yi maka fasfo sai da lambar NIN, kuma dole sunan ya zo ɗaya. Lambar NIN ɗin an ɗaure ta da layin wayarka tun umarnin Disambar 2020, an kuma ɗaure ta da asusunka na banki, da jarrabawar JAMB ta ɗanka. Igiya ɗaya ce aka zarge kayan gidan duka da ita. Wanda ya kama bakinta, ya ja, komai zai biyo shi.

An kuwa kama. A Maris ɗin 2024 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify yana sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 200. Wata uku bayan nan ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, shi naira 100 ma yake karɓa. Don kada a ce ƙazafi ne, sai suka sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani, da ta Vincent Olatunji, shugaban hukumar da aka kafa takanas don kare bayanan 'yan ƙasa. Naira ɗari fa, kuɗin da ba ya sayen ƙosan kirki a bakin tasha. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta ce shafukan ba su da izininta. To mun ji. Amma ko ta taga kaya suka fita ko ta ƙofa, mai kaya dai a kasuwa ya tsinci kayansa.

Mutumin Legas idan aka sace bayanansa, abin da ya fi tsoro shi ne a ci bashi da sunansa ko a kwashe masa asusu. Mu nan lissafinmu daban ne. Muna zaune a jihar da infoma ke ƙirga wanda ya sayar da shanu a kasuwar Charanchi, da wanda ya kai hatsi, da wanda ya biya kujerar Makka. Jerin sunayen maniyyatan ƙaramar hukuma, da hotunansu da lambobin wayarsu da unguwanninsu, a hannun mugu jerin masu miliyoyi ne. Ba sai ya sayi wata na'urar karanta cif ba. Hoton shafin fasfo ɗaya da aka turo wa wani dillalin biza, shi kuma ya tura wa yaronsa, yaron ya bar shi a kwamfutar shago, ya ishe shi.

Ga wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da aka tilasta wa tsofaffinmu bin layi cikin rana don haɗa NIN da layin waya, har aka toshe kiran miliyoyin layuka a Afrilun 2022, hujjar da aka ba mu ita ce za a riƙa kama masu garkuwa da mutane. A Satumbar 2021 an ma kashe sabis ɗungurungum a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da maƙwabtanmu na Dutsin-ma. Yau ɗan bindiga yana kiran waya ya yi cinikin kuɗin fansa kamar mai sayar da akuya, wani ma har TikTok yake hawa. Shi kansa Pantami, wanda ya kawo tsarin, ya fito a Janairun 2024 yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Talaka ya miƙa yatsunsa goma, tsaron da aka yi masa alkawari bai iso ba, sai ga bayanan a kasuwa.

Kuma yatsa ba lambar sirrin ATM ba ce da za ka je banki a sauya maka. Da shi za a binne ka. Gwamnati kuwa tana sauyawa. A 2021 da Amurka ta tattara ta bar Afganistan, na'urorin ɗaukar yatsu da ƙwayar ido da sojojinta suka yi amfani da su sun faɗa hannun Taliban, waɗanda aka tara bayanansu don a ba su aiki suka koma ɓuya saboda bayanan nan. Mu 'yan siyasa ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Rumbun da ka gina yau kana kan mulki, gobe abokin hamayyarka ne zai riƙe mabuɗinsa.

Yanzu bari in juyo gida, ko da wasu za su ji haushi. Sau nawa ake turo sanarwa a zaurukanmu na WhatsApp, "za a ba da tallafi, kowa ya turo NIN da BVN da lambar asusu da hoton katin zaɓe kafin ƙarfe shida"? Sai ka ga mutum ɗari biyu sun zuba komai nasu a fili, a zauren da ba wanda ya san kowa da kowa a ciki. Matan aure, zawarawa, dattawan da jikoki ke turawa a madadinsu. Tallafin ya zo ko kada ya zo, bayanan dai suna nan a wayoyi ɗari biyu. Wannan ba aikin Bature ba ne, ba na Abuja ba ne, namu ne. Shugabannin mazaɓu da masu kula da zauruka, ku daina. Idan rajistar gaske ce, a sa mutum ɗaya sananne ya karɓa hannu da hannu, a faɗi wace hukuma za a kai wa, a kuma goge idan an gama.

Doka ma tana bayanmu, mutane ne ba su sani ba. Tun Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanai. Ta ba ka ikon tambayar duk wata hukuma ko kamfani me suka ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, kuma idan bayanai suka zube, dole su sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Hukumar ta ci bankin Fidelity tarar sama da naira miliyan 555 a 2024, ta ci MultiChoice sama da miliyan 766 a 2025. Madalla. Ni dai ranar da nake jira ita ce wadda za a kira sunan jami'in gwamnatin da ya buɗe wa dillalai ƙofa, a gan shi gaban alƙali.

Ɗan majalisarmu na tarayya mai wakiltar Kankiya, Ingawa da Kusada, ko daga wace jam'iyya yake, akwai tambayoyin da za mu so mu ji ya yi a zauren majalisa. Kamfanoni nawa aka ba izinin leƙa rumbun NIN da na fasfo, su wane ne? Wa ke rubuta sunan duk jami'in da ya buɗe bayanan mutum, da dalilinsa? Yaushe za a fassara dokar nan da Hausa a karanta ta a rediyo, kuma ina mutumin Kusada zai kai ƙara ba tare da ya hau motar Abuja ba?

Kafin su amsa, maniyyaci da ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi ko Dubai: fasfonka ya zauna a jakarka, kada ka bar shi ya kwana hannun dillalin da ba shi da ofis. Idan ka je shagon kwamfuta a ɗauki hoton shafin, tsaya a kan yaron har ya goge a gabanka, ka kuma karɓe kwafin da ya lalace kada ya ƙare a hannun mai tsire.