MASU KANTUNA SU BIYA 'YAN KYANDIR HAƘƘINSU

Sanin kowa ne cewa a cikin sana'o'in hannu da ake koya wa mata da matasa a birnin Sakkwato, tun daga lokacin da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa ta fara aiki a 1987, yin kyandir yana daga cikin masu saurin koyo. Tukunya, mazubi, lagwani da kaki, shi ke nan an kafa sana'a a tsakar gida. Wahalar tana farawa ne ranar da aka ɗauki kayan aka nufi kantin unguwa.

Al'adar da ta kafu a kantuna da tebura, daga Mabera har Runjin Sambo, ita ce a ajiye kaya, in an sayar a biya. Mai kanti bai fitar da ko kwabo ba, saboda haka babu abin da ya dame shi da inda ya jibge kwalin. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano, shi kuwa kakin kyandir tun kafin ya narke yake yin laushi. Bayan mako uku ko huɗu sai matar da ta kawo kaya ta aiko yaro karɓar kuɗi, a haɗo shi da rabin kuɗin da kuma tarin kyandir da ya lanƙwashe ya manne da juna, a ce ba ya tafiya. Wani mai kantin ma ya sayar, amma ya juya kuɗin ya saro sukari da madara, sai ya ce a dawo jibi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Jarin da bai taka kara ya karya ba, in ya kwana a hannun mutane sau biyu ko uku, ya mutu.

Ga kuma tsadar kaki. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen da ke fitar da kakin kyandir, amma shekaru ke nan ba ta aiki. Kakin da ake narkawa a gidajen Sakkwato daga ƙasashen waje yake zuwa, ya sauka Legas, ya bi hannu bayan hannu kafin ya iso nan. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, aka kuma janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, kuɗin kaki da na mota suka tashi tare. Mai sayen kaki kuɗi hannu, ta sayar da kyandir bashi, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane inda za ta ƙare.

To, amma fa gaskiya ɗaya ce, su ma masu yin kyandir suna da nasu laifin. Akwai wanda ake yi da siririn lagwani ya riƙa mutuwa, akwai mai hayaƙi, akwai wanda ba ya kai rabin dare. Ana samun sinadarin da ake haɗawa da kaki don ya ƙara tauri ya jure zafi, sai dai wasu kan ƙi saye don neman arha. Kuma kasuwar kanta ta ragu. A zamanin NEPA, da zarar an ɗauke wuta kowa sai ya laluba ashana; yau fitila mai caji da hasken waya sun karɓe wannan aiki a gidaje da yawa. Duk da haka masu saye ba su ƙare ba. Akwai gidajen da ba su da inda za su yi caji, akwai majami'u, ga kuma masu ƙulle gyaɗa da sukari waɗanda da harshen kyandir suke liƙe bakin leda. Waɗannan kaya mai kyau suke nema, kuma sukan koma inda suka same shi.

Jaridar nan tana ganin gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar doka. Shugabannin 'yan kasuwa na Babbar Kasuwa da na unguwanni suna da ikon tsayar da ƙa'ida a tsakanin mutanensu: duk wanda ya karɓi kyandir ya biya rabin kuɗi nan take, a rubuta sauran a littafi da ranar biya, abin da ya lalace a kantinsa saboda sakaci kuwa asararsa ce. Ma'aikatar Ciniki ta Jiha, wadda rajistar ƙungiyoyin gama kai ba baƙon abu ba ne a wurinta, ya kamata ta haɗa matan nan ƙungiya-ƙungiya, su riƙa saro kaki da yawa a farashin sari, su yi kyandir mai tsawo da kauri iri ɗaya, su manna sunan ƙungiyarsu a jikin kowane kwali. Mai kantin da ya saba raina yaro ɗan aike zai yi tunani sau biyu idan sakatariyar ƙungiya ce ta zo masa da littafin bashi a hannu.