Ƙashi Ba Ya Jin Tsawa

Akwai wani zalunci da muke yi wa marasa lafiya a cikin ikilisiya, muna kuwa yin sa da murmushi, da Littafi Mai Tsarki a hannu. Zaluncin shi ne yanke wa ciwo wa'adi. A makon farko mukan cika ɗakin mai jinya da addu'a da kwanukan abinci. A wata na biyu sai ƙafa ta ɗauke. In aka kai wata na shida yana nan yana dafa bango, sai raɗa ta fara zagayawa: ko bangaskiyarsa ce ta kasa, ko akwai wani zunubi da ya binne, ko kuwa wani ne ya yi masa sammu. Ba wanda wannan hali ya fi ƙuntata wa kamar mutumin da aka yi wa aikin haɗe ƙasusuwan baya, domin raunin da ido ke gani kan warke cikin 'yan makonni, alhali ainihin aikin yana can ciki bai ko kai rabi ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake yi wa irin wannan mutum, gama yawancin munanan shawarwari daga jahilci suke fitowa. A ƙasan gadon baya, wajen ƙugu, akwai ƙasusuwa biyar a jere, tsakanin kowane biyu da wani faifan guringuntsi mai hana su gogar juna, jijiyoyin da ke sauka ƙafafu kuma ta gefensu suke fita. Idan faifan ya lalace, ko wani ƙashi ya zame ya danne jijiya, likita kan buɗe wurin ya sarara wa jijiyar, ya sa ɓarɓashin ƙashi tsakanin ƙasusuwan, sa'an nan ya ɗaure su da kusoshi da sandunan ƙarfe. Tun a 1911 likitoci biyu a Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, suka bayyana irin wannan aiki domin waɗanda tarin fuka ya ci musu ƙashin baya. Abin lura shi ne, ƙarfen nan matsayinsa ɗaya da karan da maɗori ke ɗaura wa karaya: riƙewa kawai yake yi. Warkewar ita ce ƙasusuwan su toho su manne su zama guda, wannan kuwa kan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. Jijiyar da ta daɗe a danne ta fi ƙashi ma nawa. Zugi da sagewar ƙafa kan jima, a wasu mutane kuma ba sa gushewa ɗungum. Wani ma ƙashin nasa kan ƙi haɗewa, musamman mai shan taba ko mai ciwon suga. Wa ya tsara wa ƙashi wannan tafiyar hawainiya? Wanda ya halicce shi. Mai yi wa ƙashi tsawa ya hanzarta, da Mahalicci yake gardama.

Yanzu a ɗauko wannan mai jinya daga inda aka yi masa aiki, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, a dawo da shi gida Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi. An sallame shi da doka uku: kada ya sunkuya, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya murɗa jiki. To, wace rayuwa ce a ƙasarmu ba a yin ta a sunkuye? Noma a sunkuye ne, shara da wanki da girki a sunkuye, jan guga a rijiya a sunkuye, kwanciya a tabarma, bayan gida na tsuguno. Mace da aka hana ta goya ɗanta tana kallonsa yana miƙo hannu. Magidanci yana zaune damina ta faɗi, maƙwabta sun yi shuka, shi kuwa gonarsa ta riga ta tafi a kuɗin asibiti. Komawa ganin likita na nufin sa'o'i a mota kan hanya mai ramuka, kowane rami kamar an soka masa mashi, ga fargabar 'yan bindiga a kan hanyar Shinkafi da ta Zurmi. Akwai kuma wani tunani da ba ya faɗa wa kowa: in aka ji harbi cikin dare kowa ya ruga, shi da wace ƙafa zai gudu? Wannan shi ne mutumin da muke shiga ɗakinsa mu ce masa, "Haba ɗan'uwa, har yanzu?"

Al'adarmu ta ƙara masa wani nauyi. In aka ce wa Bahaushe "Yaya jiki?" amsa guda ce gare shi: "Da sauƙi." Ko yana bakin kabari haka zai ce. Kyakkyawar al'ada ce ta haƙuri, amma mu masu bi mun ɗora mata wani gini. Mun koya wa mutane cewa faɗin "ina jin ciwo" furci ne na rashin bangaskiya, har mai ciwo ya rasa wanda zai gaya wa gaskiya, daga maƙwabci har fasto.

Mafi muni su ne masu wa'azin da suka mai da warkarwa abin nuni. Sukan kira mai ciwon baya gaban taro, su ce ya kwance ɗamarar da likita ya sa masa, ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa don a ga ikon Allah. Taro ya ɗauki sowa, a buga ganga, a karɓi baiko. Washegari mai wa'azi ya kama hanya, ya bar mutum da ciwo ninki biyu, da kuma kunyar da za ta hana shi faɗa, tun da ya riga ya ba da shaida. Ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba: wanda ya umarci mutumin da ƙashinsa bai gama haɗewa ba ya yi haka, ya gwada Ubangiji Allahnsa ne da jikin wani. Iblis ma ya taɓa kawo wa Yesu irin wannan shawara a kan ƙololuwar Haikali, har da aya a bakinsa, Ubangiji kuwa ya ƙi.

Su masu wannan koyarwa cewa suke yi Littafi Mai Tsarki ne madogararsu. To, mu buɗe shi. Yakubu ya kwana yana kokawa a Feniyel, ya sami albarka da sabon suna, amma da gari ya waye yana ɗingishi ya bar wurin. Albarkar da gurɗewar ƙugun a dare ɗaya ya same su. Sarki Hezekiya, da Allah ya yi alkawarin ƙara masa shekara 15, sai da aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa. Makahon Betsaida, a hannun Yesu kansa, sau biyu aka taɓa shi kafin ya gani sosai. Bulus, wanda aka warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka bar masa ita, aka ba shi alheri. Shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya, ya ba Timoti shawara kan ciwon cikin da ke yawan damunsa, ya riƙe Luka likita kusa da shi. Wane ne a cikin waɗannan za mu kira marar bangaskiya? Ubangijinmu ma da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusoshi ya tashi, da su kuma Toma ya shaida shi.

Sai batun da muka fi gudu, wato ciwon damuwa. Mutumin da ya yi watanni bai sami barcin kirki ba, ya rasa sana'arsa, ya ci bashi, ya koma sai an ɗaga shi an kwantar, ba abin mamaki ba ne duhu ya rufe zuciyarsa. Likitoci sun san ciwo mai daɗewa da ciwon damuwa suna ciyar da juna: zugi na hana barci, rashin barci na ƙara zugi, damuwa na kashe ƙwazon yin motsa jikin da zai kawo sauƙi. Alamunsa a fili suke ga mai lura: ƙin abinci, ƙin magana, kuka ba dalili, saurin fushi, ganin kai a matsayin kaya ga iyali. Mu kuwa sai mu ce aljani ne, ko mu ce rashin godiya ne, mu ɗora masa azumin kwana bakwai, alhali jikinsa na bukatar nama da wake da ƙwai da madara don gina ƙashi.

Dubi yadda Allah ya yi da Iliya. Annabin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Magana sai daga baya. Zabura ta 88 kuka ce daga farkonta har ƙarshenta, a cikin duhu ta ƙare, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai ga dalilin cire ta daga littafin waƙoƙin jama'ar Allah ba. Abokan Ayuba uku sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi shiru. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ɓata, a ƙarshe kuma su ne Allah ya yi fushi da su, Ayuba mai ƙorafi ne aka sa ya yi musu addu'a. Tarihin ikilisiya ma shaida ne. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azin Ingila da ya rasu a 1892, ya sha fama da ciwon gaɓoɓi da baƙin ciki mai tsanani, bai kuwa ɓoye wa ɗalibansa ba. Amy Carmichael, 'yar mishan a Indiya, ta faɗa rami a 1931, ta yi kusan shekara 20 yawanci a kwance har rasuwarta a 1951, daga wannan gado kuma ta ci gaba da rubuce-rubucen da suka ƙarfafa masu bi da yawa.

Wani zai ce, "Fasto, ashe kana musun mu'ujiza ke nan?" Ko kusa. Allah yana warkarwa farat ɗaya in ya ga dama, mu kuma za mu ci gaba da shafa wa marasa lafiya mai muna yi musu addu'a, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta umarci dattawan ikilisiya. Abin da nake musu shi ne a ce hanyar nan kaɗai Allah ya sani. Wanda ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana cikin ƙiftawar ido, shi ne ke sa gero ya yi watanni a gona kafin ya nuna, ba manomin da ya taɓa zargin kansa da rashin bangaskiya don bai girbe a makon shuka ba. Warkarwa ta gaskiya kuma ba ta tsoron hoton asibiti. Yesu da kansa ya aiki kutare wurin firistoci su duba su.

Me ya rage mana, in mun daina yanke wa'adi? Aiki mai yawa, marar sowa. Dattawa su tsara ziyara ta shekara guda, a raba ta tsakanin gidaje, domin a nan arewacin Zamfara mu 'yan kaɗan ne, in ba mu ɗauki juna ba ba mu da uzuri. Matasa su yi masa gayya a gona, su ɗebo ruwa, a sama masa gado mai tsayi da kujerar bayan gida. Zumuntar mata ta tuna da mai yin jinyar, gama ita ma tana gajiya, ba mai tambayarta. A haɗa kuɗin mota don ya koma ganin likita da masu gashin ƙashi. A ƙarfafa shi ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan kowace rana, gwargwadon abin da likita ya yarda. A lura da maganin da yake sha, domin ciwon da aka hana shi faɗa shi ke kai mutum ga sayen tiramol a boye har ya kamu. In aka ga zazzaɓi, ko rauni na fitar da ruwa, ko ƙafa ta ƙara mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya asibiti. In kuwa ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsawata masa. A kawar da magunguna da duk abin cutarwa daga kusa da shi, a kai shi ga likita. Akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kware kusa da Sakkwato, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa Dala bai zama abin kunya ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da ke karanta wannan a kwance: jinkirin jikinka ba hukunci ba ne a kanka. Ba ka bin ikilisiya bashin shaida, ba ta kuma bin ka. In addu'a ta gagare ka, nishinka ya isa, gama Ruhu yana roƙo dominmu a inda kalmomi suka ƙare. Faɗa wa likitanka gaskiya, faɗa wa fastonka gaskiya. Mai yiwuwa ka koma gona, mai yiwuwa ka koma wata sana'ar da ba ta bukatar sunkuyo, mai yiwuwa ka yi ɗingishi irin na Yakubu har iyakar kwanakinka. Ko wanne ne, kai gaɓa ce ta jikin Almasihu, gaɓar da ke ciwo kuwa ita ce aka fi tattali.

Ya Ubangiji, kai da ka san yadda ƙasusuwa ke haɗuwa tun a cikin mahaifa, ka ba bayinka masu jinya haƙurin watanni, ka haskaka waɗanda duhu ya rufe. Ka tsare bakinmu daga hukunci, ka ba ƙafafunmu naciyar zuwa gaisuwa bayan kowa ya daina. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.