Direban hoto ya zo tare da zuciyar Linux

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutocin shagunan Briqueterie a Yawunde suke neman mafita, kuma Linux ce mafi kusa. Matsalar ita ce direban katin hoto, manhajar da ke sa allo ya nuna aikin injin. Na Intel da na AMD suna cikin zuciyar Linux, wato ginshiƙin tsarin, tare ake sabunta su. Na Nvidia kuwa a waje yake, duk lokacin da zuciyar ta sauya sai an sake ɗinka shi a jikinta. In ɗinkin ya ƙi, mai shago ya wayi gari da baƙin allo, ga masu jiran a buga musu takardu. Don haka ya kamata masu rarraba Linux su riƙa fitar da direban a shirye tare da kowace sabuwar zuciya, kamar yadda Ubuntu ke yi.

Wasu za su ce tsarin DKMS yana sake gina direban da kansa. Gaskiya ne, amma sai an sauko da kayan ginin da kuɗin data na MTN ko Orange, kuma idan ya gaza, mai shagon ne zai gyara abin da injiniyoyi suka bari. Wasu kuma za su ce ai Nvidia ya buɗe direbansa a Mayun 2022. Buɗewar ta shafi katunan Turing na 2018 zuwa sama ne kawai, alhali akwai waɗanda suka girme su a cikin kwamfutocin gwanjo.