Gardamar Jibin Ubangiji a Ikkilisiyar Katolika

A shekara ta 2016 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙar Amoris Laetitia, wadda ta ba da dama wasu da aurensu ya mutu suka sake wani su karɓi Jibin Ubangiji bayan shawara da limaminsu. Kadinal huɗu suka aika masa da tambayoyi biyar, har ya rasu a 2025 bai amsa musu ba. Masu riƙon tsarin dā suna cewa irin wannan sassauci na shugabanni, da taƙaita sujadar Latin a 2021, su ne suka sa majami'u suka zama wayam a Turai.

Mun yarda da su a abu ɗaya: teburin Ubangiji ba wurin wasa ba ne, Manzo Bulus ma ya gargaɗi Korintiyawa. Amma zancen Latin bai gamsar da mu ba. Katolikan Nijeriya da harsunansu da Turanci suke sujada, ga majami'unsu cike.

Kada mu yi musu dariya. Dattawa, mutum nawa muka dakatar daga Jibi, shekaru suka wuce ba wanda ya taka ƙofar gidansu?